Yadda Cak Darmaji Ya Adana Farin Kada

Duk wanda ya taɓa bin layinmu, bayan kasuwar Wonokromo a Surabaya, ya san shagon fotokwafin Cak Darmaji ko da bai taɓa shiga ba, domin muryar mai shagon takan tari mutum tun daga bakin titi. Ni rumfata manne take da shagonsa, makullai nake yankawa, saboda haka shekara goma sha tara ke nan ina shan labarinsa ba tare da na nema ba.

Fotokwafi ce ke ciyar da shi, amma abin da ya ɗauka Allah ya keɓe shi da shi a duk gabashin Jawa shi ne rufe takarda da leda. Yana da wani tsohon inji mai zafi. A zura takarda tsakanin leda biyu ta nan, ta fito ta can tana sheƙi, ta yi tauri kamar faranti, injin ya yi ƙara tiit-tiit. Babu abin da ya tsira daga injin nan. Takardar aurensa ta shiga, hoton surukarsa ya shiga, har takardar asibitin da aka rubuta masa maganin basir.

"Cak Giman," yakan ce mini, "takardar da ba ta bi ta hannuna ba, ka ɗauka ta riga ta ruɓe."

Abu ɗaya yake so fiye da jin muryar kansa, shi ne tsuntsunsa Komandan. Murai ne, baƙi mai jan ciki da doguwar jela, irin wanda ake kaiwa gasar kuka. Mahaifinsa ne ya ba shi yana ɗan tsako, wata biyu kafin ya rasu. Kullum da safe sai Darmaji ya fesa masa ruwa, ya ba shi gyare biyar da cokali ɗaya na ƙwan tururuwa, sannan shi ya karya. Murai kuwa abin da ya ji shi yake kwaikwaya, ga Komandan a ƙofar shago ya girma. Inji ya ce tiit-tiit, tsuntsu ya amsa tiit-tiit daga kejinsa. Shi ya sa bai taɓa wuce na uku a gasa ba, alƙalai suka ce sun zo jin tsuntsu ne ba ofis ba. Darmaji ya ce hassada ce.

A ƙarshen layin akwai shagon Koh Bing mai sayar da katunan wasa. Makon da nake ba ku labari, sabon jerin wasan Sarakunan Teku ya fito, layin mutane ya miƙe tun daga ƙofarsa har gaban rumfata. Kada ku ce yara ne. Ma'aikatan banki ne da masu acaba, har da Dokter Hendrawan mai cire haƙori, wanda ya rufe ɗakin ganin marasa lafiya ya zo ya tsaya. Kowane fakiti a liƙe yake, kati goma a ciki, ba ka san abin da ka saya ba sai ka yaga. Yawanci tarkace ne, kaguwa da ƙananan kifaye. Jefi-jefi a sami mai sheƙi. Sai kuma Farin Kada, wanda aka ce sai a buɗe kwali ɗari ba a gan shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi muna zaune a rumfar gahawa ta Mak Tumini, Darmaji ya dubi layin ya yi tsaki.

"Ji su don Allah. Masu ilimi, sun tsaya suna jiran sa'a kamar masu kamun kifi."

"Kai da me za ka jira?" in ji Mak Tumini, tana juya ayaba a cikin mai.

"Da ƙwaƙwalwa, Mak. Kati mai sheƙi ƙarfe ne a jikinsa. Ƙarfe ya fi takarda nauyi ko bai fi ba?"

"Ya fi."

"To shi ke nan. A auna fakiti, a ɗauki mai nauyi. Shekara ashirin da biyu ina taɓa takarda, ko ido a rufe zan fito muku da kadan nan."

"Ko ido a buɗe ba ka gano tabaranka ba jiya, alhali yana goshinka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, irin ta wanda ya yafe wa jahilai.

Matsalar ɗaya ce: jakar gida a hannun matarsa Bu Sulastri take, ita kuwa barkono take sayarwa a kasuwa kuma halinta bai yi nisa da hajarta ba. Sai kawai na ga mutumina ya sauke keji daga ƙugiya ya nufi ƙarshen layi. Na bar makullin da nake gogewa na bi shi.

Koh Bing ya ga keji ya cire tabarau. "Cak, shekara uku ina roƙonka ka sayar mini da Komandan."

"Ba sayarwa na zo ba, Koh. Ajiya."

"To, ajiya. Zaɓi fakiti ɗari da hannunka. Ka kawo mini Farin Kada kafin la'asar ɗin Lahadi, yadda ya fito daga masana'anta, ka ɗauki tsuntsunka, in ƙara maka sabon keji. In ba ka kawo ba, Komandan ya zama ɗan gidana."

"Cak," na ce, na ja hannun rigarsa, "tsuntsun mahaifinka ne fa."

"Cak Giman, je ka yanka makulli. Koh, ka yarda in auna?"

"Auna mana," in ji Koh Bing da sauri. "Ga teburi, ga kujera." Saurin nan ya kamata ya ba shi tsoro.

Da farko sikelin barkonon matarsa ya ɗauko. Ya ɗora fakiti, allura ba ta motsa ba. Ya ɗora wani, ba ta motsa ba. Wani mai acaba ya ce ya gwada ɗora kansa a gani ko shi zai motsa ta. Darmaji ya fita fuu, ya dawo da sikelin maƙerin zinare na bakin kasuwa, ɗan ƙarami mai nuna lamba. Wannan kuma iska kaɗan sai lambar ta yi rawa. Ya sa aka kashe fanka. Ya sa aka rufe ƙofa. Mutum talatin a ɗan shago, da zafin Surabaya, kowa gumi har cikin takalmi, shi kuwa yana ɗaga hannu yana cewa, "Wa ya yi numfashi?"

Awa huɗu ya yi. Masu nauyi ya tara a dama. Marasa nauyi ya riƙa turawa hagu da bayan hannu, yana cewa, "Na talakawa, ku ɗiba." Abin da ya ba ni mamaki, ɗiba suke yi kuwa, har da rige-rige, Dokter Hendrawan ma har godiya ya yi masa.

Ana cikin haka Bu Sulastri ta turo ƙofa da kwandonta.

"Pak, ina sikelina? Ina Komandan?" ta ce da mijinta.

"Sikelinki ba ya aiki. Komandan ya zo baƙunta."

Ta dubi kejin rataye a bayan kantar Koh Bing, ta dubi mijinta, ta ɗora kwando a ƙugu. Koh Bing ya ga hadari ya taso, ya yi maza ya zaro fakiti ɗaya daga tulin hagu ya miƙa mata. "Bu, ga gyara."

"Kada ki wahalar da hannunki, Bu," in ji Darmaji. "Wannan iska ce a ciki."

Ta jefa shi cikin kwando ta ce, "Ranar Lahadi in ban ga tsuntsun nan a ƙugiyarsa ba, kai za ka hau."

Washegari bayan an sauko daga Juma'a, Darmaji ya sa aka haɗa tebura biyu a rumfar Mak Tumini, ya gayyaci duk layin su zo su ga aikin ilimi. Ya wanke hannu. Ya yaga na farko. Kaguwa, kifi, kifi, kaguwa, da wani kati mai kauri na tallar wasan.

"Ɗumama hannu nake yi."

Na goma, haka. Na talatin, haka. Akwai wani kati da ake kira Kaguwa Mai Barci, shi ya riƙa fitowa kamar an aiko shi. Mak Tumini ta fara ƙirgawa da ƙarfi.

"Arba'in da ɗaya! Cak, in ka kai hamsin zan yi mana miya."

"Mak, manyan kaya a ƙasa suke kwanciya."

A daidai nan ihu ya tashi daga ƙarshen layi. Wani ma'aikacin banki ne ya fito da gudu yana ɗaga kati mai sheƙi. Can wani ma ya yi ihu. Dokter Hendrawan ya iso da guda uku a hannu, fuskarsa kamar ranar aurensa, ya ja kujera ya zauna.

"Cak Darmaji, Allah ya saka. Ban taɓa yin sa'a irin wannan ba."

"A ina ka samu?"

"A tulin da ka ture mana. Ai kamfanin ya daɗe da gano masu aunawa. Fakitin da babu mai sheƙi a ciki, sai su sa masa katin talla mai kauri, ya fi sauran nauyi. Kai ka tsince mana su tas. Kowa ya san wannan."

"Har Koh Bing?" na tambaya.

"Shi ya gaya mana tun bara."

Darmaji ya kurɓi gahawa ya ajiye kofi a hankali.

"Na sani," ya ce. "Kamfanin nake gwadawa."

Ya yaga sauran har na ɗari. Kaguwa Mai Barci sittin da uku, mai sheƙi ko ɗaya babu.

Ranar Asabar ban ji muryarsa ba, karo na farko cikin shekara goma sha tara, kuma wallahi sai na ji layin ya yi mini faɗi. Da safe na gan shi ya auna ƙwan tururuwa a cokali, ya juyo wajen ƙugiya, ya tsaya. Ya mayar cikin gwangwani. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban gaya masa ba, don da na gaya masa sai ya yi mini lacca.

Wajen azahar Bu Sulastri ta shigo tana fifita da mayafi.

"Pak, ina neman takarda mai tauri in rubuta farashin barkono. Na yaga abin da Koh ya ba ni, sai na ga wannan sheƙinsa ya yi yawa, rubutu ba zai fito ba. Karɓi, ba ni kaguwa ɗaya."

Ta ajiye masa a kan injin fotokwafi. Farin kada ne, bakinsa a buɗe, ruwan zinare yana zagaye da shi, in ka karkata katin sai ka ga kamar jelar tana motsi. Darmaji ya buɗe baki ya rufe sau uku. A na huɗu muryar ta dawo, har da ribar kwana ɗaya.

"Jama'a! Ku fito ku ga lissafi!"

"Wane lissafi?" na ce. "Gyarar da ka ce iska ce?"

"Cak Giman, kai makulli ka sani. Na kwashe masu nauyi ne don kadan ya rasa wurin ɓuya. Farauta ke nan."

"Na ji. Yanzu dai taku hamsin ne tsakaninka da Komandan. Tashi mu je."

"Yanzu? Shago babu kowa? Wa zai gani? Gobe Lahadi ake gasar wasan, shagon zai cika. Waɗanda suka yi dariya gaban jama'a, gaban jama'a za su haɗiye ta."

Ya jingina katin tsirara a kan kanta, ya sa kujera a gabansa. Duk wanda ya zo fotokwafi sai ya ji tarihin farautar kafin a taɓa masa takarda. Da yamma ruwa ya sauko irin na watan Janairu, ya kwana yana zuba, bango har gumi yake. Darmaji ya rufe shago ya bar kada a kan kanta yana shan danshi.

Da safiyar Lahadi ina buɗe rumfa na ji salati. Katin ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana, in ka ajiye shi a teburi har lilo yake.

Darmaji ya tura shi cikin buhun shinkafa, yadda ake yi wa wayar da ta faɗa ruwa. Bayan awa ɗaya ya fito da lanƙwasarsa. Ya naɗe shi a hankici ya danne da dutsen niƙan Bu Sulastri, ya zauna a kan dutsen. Yana tashi kati ya koma yadda yake.

"Cak," na ce, "kai wa Koh Bing haka. Mutumin nan sana'arsa ce, ba yau ya fara ganin damina ba."

"Ya ce yadda ya fito daga masana'anta. A miƙe ya fito."

"To tambayi Dokter."

"In tambayi mai cire haƙori yadda ake miƙar da takarda? Ni?"

Ya miƙe. Na ga inda idonsa ya sauka. Ban san komai game da katunan nan ba, amma na san Darmaji, kuma duk lokacin da fuskarsa ta yi wannan hasken wani abu na shirin lalacewa.

Ya kunna inji. Ya zaɓi leda mafi kauri, irin wadda yake yi wa takardar fili. Kada ya shiga ta nan, ya fito ta can a miƙe sambal. Tiit-tiit. Ya ɗauki almakashi ya zagaye kusurwoyin ledar. Sannan, saboda hannu ya saba, ya huda gefen ya zura igiya shuɗiya irin ta katin ma'aikata, ya rataya a wuya.

"Yanzu ko cikin kogi ya faɗa ba abin da zai same shi," ya ce. "Ya fi yadda masana'anta ta yi shi."

Bayan azahar ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa biki. Muka bi shi, ni da Bu Sulastri da Mak Tumini da ludayinta a hannu, da duk wanda ba shi da aikin yi. Shagon Koh Bing cike, teburan wasa har waje. Komandan na ganinsa ya hau tsalle a keji yana buɗe jela.

"Koh!" in ji Darmaji daga bakin ƙofa. "Sauke mini tsuntsuna, ka fito da sabon keji. Masu dariya kuma ku matso gaba."

Ya cire igiyar daga wuya ya buga katin a kan kanta. Ya yi ƙara ƙwas.

Koh Bing ya riga ya sa farin safar hannu. Ya dubi abin da ke gabansa, ya daɗe yana dubawa. Dokter Hendrawan ya leƙo ta kafaɗarsa, ya dafe kai da hannu biyu ya zauna a ƙasa. Wani ma'aikacin banki ya juya baya kamar an wuce da gawa.

"Cak," in ji Koh Bing, "me ka yi masa?"

"Na adana shi. Ledar ma kyauta na sa maka."

"Me ya sa?"

"Ya lanƙwashe."

Koh Bing ya juya ya buɗe wani ɗan akwatin gilashi a bayansa. Katuna masu sheƙi ne jere a ciki, rabinsu a lanƙwashe. "Duk mai sheƙi yana lanƙwashewa da damina. Kwana biyu a akwatin nan yake miƙewa. Da ka kawo shi haka, da yanzu kana hanyar gida da tsuntsunka."

"To ai ledar fita take," in ji Darmaji. "Ni na sa, ni zan cire."

Mutum goma suka ce "Kada!" a tare. Ya riga ya sa farce. Ledar ta ɗago ƙeee, ta taho da kan kadan da rabin ruwan zinaren. Abin da ya rage a hannunsa farar takarda ce da jela.

Babu wanda ya yi dariya. Cikin shirun nan Komandan ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya kumbura wuya, ya ce tiit-tiit.

Nan shagon ya fashe. Mak Tumini ta riƙe ciki tana buga ludayi a ƙofa. Bu Sulastri ta karɓi shuɗiyar igiyar ta mayar masa a wuya, da guntun ledar da kan kada a jiki, ta gyara masa kwalar riga, ta fita. Daga masallacin kasuwa aka kira la'asar. Koh Bing, wanda ba mugun mutum ba ne sai dai ɗan kasuwa, ya ce a hankali, "Ka riƙa zuwa ganinsa, Cak. Gyare nawa yake ci?"

"Biyar," in ji Darmaji. "Kada ka ba shi shida, zai yi ƙiba." Bai ƙara kalma ba har muka isa gida.

Bayan kwana uku muryar ta dawo. Yanzu labarin da yake ba masu fotokwafi shi ne ya kai Komandan ƙaro ilimi, kuma a duk duniya shi kaɗai ya taɓa ganin cikin Farin Kada. Kaguwowin kuwa duk ya rufe su da leda, Bu Sulastri tana rubuta farashi a bayansu. Kullum da safe yakan bi ta ƙarshen layi da cokalin ƙwan tururuwa, wai hanya ce ta biyo da shi.

Ƙugiyar dai tana nan a ƙofar shago, bai cire ba. Jiya wata mata ta kawo takardar haihuwar ɗanta, ya zura a inji, ta fito, injin ya ce tiit-tiit. Ina kallonsa daga rumfata. Ya tsaya da takardar a hannu, ya ɗan karkata kai wajen ƙofa yana jira, har sai da matar ta ce, "Pak, an gama ne?"